Jif ɗin Yaya Habu, shekara bakwai bayansa

A daminar bana yayana Malam Habu ya cika shekara bakwai da rasuwa. Wasu daga cikin masu karanta wannan shafi a ƙasar Ɗambatta za su tuna shi a matsayin malamin gona, wanda ya yi shekaru yana bin gonaki yana koya wa mutane tazarar shuka da yadda ake zuba taki. Amma a ƙauyenmu idan ka ce malamin gona sai a tambaye ka wanne. Idan kuwa ka ce mai jif, kowa ya san wanda kake nufi.

Motar tsohuwa ce tun ranar da ta shigo hannunsa. A gwanjon motocin ma'aikata ya saye ta gab da zai yi ritaya, kuma ba da ƙafarta ta zo gida ba, tarakta ce ta jawo ta. Kujerar baya babu, gilashin gefe ɗaya ba ya hawa, beraye sun ci wayoyin fitila. Ni ne ƙaninsa, malamin firamare, kuma ni na fi kowa yi masa surutu. Na ce da shi, "Yaya, da babur ka saya sabo fil, da ka huta." Ya durƙusa, ya buga ƙarfen ƙarƙashinta da sifana, ya ce, "Sani, ji wannan. Ƙashinta lafiya lau. Sauran duk aikin hannu ne."

Bai taɓa zaman koyon kanikanci a garejin kowa ba. Rami ya haƙa a gindin darbejiyar ƙofar gida, ya ɗora motar a kai, ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a gefe. Duk abin da ya kwance sai ya jera shi a kan tabarmar bi da bi, yadda in ya tashi mayarwa zai fara da na ƙarshe. Ranar kasuwar Ɗambatta yakan zauna wurin makanikai, ya saya musu shayi, ya yi ta tambaya har su gaji. Idan wani ƙarfe ya mutu sai ya naɗe shi a buhu ya hau bas zuwa Kano, ya bi rumfunan Ƙofar Ruwa yana gwada shi da na hannun 'yan kasuwa, domin bai yarda a ce masa kusan ɗaya ne ba. Wata takwas ya yi a haka. Ranar da ta tashi, hayaƙin da ta yi ya kori kajin unguwa kaf, ni kuma na tsaya nesa ina jiran ta sake mutuwa. Ba ta mutu ba. Shekara goma sha biyar ta yi a hannunsa.

Wanda bai san hanyarmu a da ba ba zai gane abin da motar ta zama mana ba. Tsakaninmu da kwalta akwai burji mai laka da rafi guda wanda ke cika idan ruwa ya zauna. Ƙananan motoci ba sa shigowa daga tsakiyar damina har kaka. Jif ɗin Yaya ce kaɗai ke ƙetarewa, saboda tana da wata ƙaramar giya da ke sa ƙafafu huɗun su ja tare. Ta ɗauki taki, ta ɗauki gyaɗa, ta ɗauki amare, ta ɗauki gawa. Kowace Asabar, bayan ya dawo daga gona, sai ya shiga ramin nan ya duba baƙin mai, ya ɗaure abin da ya saki, ya cusa giris inda ake cusawa. Mutane suna zolayarsa wai ya fi kula da motar a kan kansa. Ba su yi ƙarya ba.

Akwai rana ɗaya da nake so in ba da labarinta, domin a ranar na san wane ne yayana. Lokacin noman gero ne, da hantsi. Maƙwabcinmu Malam Iro yana cire ciyawa a gonarsa, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Kafin a kawo shi ƙofar gida ƙafar ta kumbura, jini ya fara fita daga dasashinsa. Muka shimfiɗa shi a bayan motar, ni na riƙe kansa, Yaya ya ja muka nufi asibitin Ɗambatta. Mun ƙetare rafin ke nan, muna hawa gangare, sai tururi ya turnuƙe gaban motar. Tiyon da ke kai ruwa lagireto ya fashe.

Ba zan ɓoye ba, hankalina ya tashi ƙwarai. Na ce mu tsayar da mai babur, Yaya ya ce mutumin da ba ya iya zama ba ya hawa babur a wannan laka. Na ce to ya ci gaba da tafiya a haka, ya ce injin zai ƙone kafin mu kai kwalta, mu rasa duka.  Ya jawo tsohon tubun taya daga ƙarƙashin kujera, ya yanka shi dogo da wuƙa, ya naɗe tiyon da ke da zafi kamar wuta da hannunsa, ya ɗaure da waya. Ya miƙo mini buta da jarka ya ce in ɗebo ruwa a rafi. Sau uku na sauka na hau, ina kuka ina salati, babban mutum da ni. Da muka tashi, bai yi gudu ba, duk da ina ta roƙonsa. Idonsa na kan allurar da ke nuna zafin inji har muka shiga garin.

Allah ya yi Malam Iro yana da sauran kwana, yana nan da ransa har yau. Mutane suka yi ta yabon Yaya, amma shi bai yi murna ba. Kwana biyu bayan an sallamo Malam Iro, ya je gidansa da tafin hannunsa duk a ƙone, ni ina biye da shi. Ya ce, "Malam Iro, na zo neman gafara ne. Tun mako guda kafin ranar na ga tiyon nan ya kumbura, na ce sai na je kasuwa zan canja. Da ka mutu a hanya, da sakacina a ciki." Malam Iro ya kama hannun ya yi ta kallo. A makon nan Yaya ya canja duk wani tiyo da ke jikin motar, har waɗanda ba su yi komai ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. An zuba wa hanyarmu tsakuwa, an yi wa rafin kwalbati, keke mai ƙafa uku na shigowa har ƙofar masallaci. Wannan kam zai yi farin ciki da shi, domin bai taɓa son a ce ran mutum ya rataya a kan tsohuwar mota ɗaya ba. Motocin yanzu kuwa na san za su ba shi haushi. Ka buɗe gabansu ka tarar an rufe komai da roba, sai an jona wata na'ura kafin ta faɗi abin da ke damunta, mai ita ba shi da abin yi sai tsayuwa. Tsadar mai ma da ta sa shi ya rage fita. Amma akwai abin da na tabbata da ya so: yadda yanzu mutum zai ɗauki waya ya kalli wani a wata ƙasa yana kwance injin irin nasa, ƙusa bayan ƙusa. Mutumin da ya sha hawa bas zuwa Kano don tambaya guda, da ya ga wannan da ba mai raba shi da waya.

Bayan rasuwarsa, da aka zo rabon gado, 'ya'yansa duk suna birni, babu mai bukatar motar. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo har sau biyu, suna dubanta yadda mahauci ke duban sa. Matarsa Hajiya Rabi ce ta hana. Ta ce a sanya motar a cikin rabonta, ko da za ta rasa wani abu. Aka yi yadda ta ce. Sai dai motar ta yi shekara biyu a gindin darbejiya, tayoyi suka sace, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Kullum na wuce sai in kawar da kai.

Wata rana bayan la'asar Hajiya ta aiko a kira ni. Ta fito zaure ta ajiye akwatin sifanunsa a gabana. Na ce, "Hajiya, kin san ban iya komai a mota ba." Ta ce, "Shi ma ai ba da iyawa aka haife shi ba, Malam Sani. Kai ne ƙaninsa." Ina da shekara hamsin da takwas a lokacin. Na shiga ramin da na sha yi wa dariya. Na sayi batir, na canja baƙin mai, na sa aka yi wa tayoyi faci, na zuba dizal. Na murza makulli, ta yi ta tari ta ƙi tashi. Kwana uku ina fama. A rana ta uku Hajiya ta leƙo daga zaure ta ce, "Ba batir ba ne. Idan tana wannan tarin, iska ce ta shiga hanyar mai. Akwai wani ɗan famfo a gefen injin, yayanka yakan yi ta danna shi har kumfa ta daina fita." Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Shekara goma sha biyar ina jin su ta bayan katanga, shi da ita." Na nemo famfon, na danna har hannuna ya gaji, na murza. Ta tashi.

Ba zan ce na zama kamarsa ba. Har yanzu nakan mayar da abu in tarar da ƙusa ɗaya ta rage a tabarma, in rasa inda ta fito. Abin da ya fi ƙarfina nakan kai wa makanikai, su ma wasu na cewa kayanta sun fara wuyar samu. Tsatsa ta kama ƙasan ƙofofi. Na san wata rana za ta tsaya tsayuwar da ba ta tashi, kuma na daina jin tsoron ranar. Abin da ya bar mini ya fi ƙarfen: in duba abu tun bai lalace ba, in kuma na ga laifi na gyara a ranar, domin ban san wa zai kwanta a baya gobe ba. Darasin nan ya bi ni har cikin aji da cikin gidana, inda babu injin ko ɗaya.

Da man ya yi tsada na rage fita da ita, har na yi mako biyu ban taɓa makullin ba. Sai Hajiya ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Ko ba za ka je ko'ina ba, ka riƙa tayar da ita da safe." Na ce saboda batir? Ta girgiza kai. Ta ce idan tana wanke-wanke ta ji ƙarar, takan manta na ɗan lokaci, har ta ɗaga kai za ta ce wa Yaya koko ya huce.

Tun daga ranar, kullum bayan na dawo daga masallaci, nakan tayar da ita na minti biyar. Allah ya ji ƙan Yaya Habu, ya haskaka kabarinsa, ya kyautata namu zuwan.