Fuskar Rabi da Na Zana a Allo

Ni 'yar gidan wani Alhaji ce a Nassarawa GRA. Tun ina ƙarama Allah ya ba ni hannun zane. Lalle nake yi wa ƙawayena, ina cika bayan littafi da furanni. Ban taɓa cutar da kowa da shi ba sai da na shiga aji huɗu na sakandare, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano.

A lokacin ne mahaifina ya sa Rabi, 'yar maigadinmu, a makarantarmu. Daga wani ƙauyen Jigawa aka kawo ta, tana da tsagar gado uku-uku a kumatu. Mota ɗaya ke kai mu. Wata rana kafin malami ya shigo na ɗauki alli na zana ta a allo, na ja tsagar nan ta koma gashin bakin mage. Aji ya fashe da dariya, ni kuwa dariyar ta yi mini daɗi. Washegari na sake. Daga nan na koma zanawa a takarda ana miƙawa daga benci zuwa benci. Sunanta ya zama Mage. In ta wuce sai a bi ta da kukan mage.

Ba ta taɓa kai ƙara ba. Ta dai fara janyo hijabi tana rufe kumatu, ta daina ɗaga hannu a aji. Ranar da malamar zane ta ce kowa ta zana kanta, Rabi ta zana hijabi tsaf har da ninkin kafaɗa, ta bar wurin fuska fari fat.

Malama ta ce, "Rabi, ina fuskar?"

Ta ce, "Ban iya ba, Malama."

Na ga takardar. Dariya na yi.

Wata Asabar Rabi ta ɗebi sodar da uwarta ke haɗa sabulu da ita, ta shafa a kumatu don tsagar ta goge. Sati uku ta yi a asibiti. A jakarta aka samu zane-zanena, ta ninke su ɗaya bayan ɗaya ta adana.

Ba a kai ni kotu ba, ba a ɗaure ni ba. Makaranta ta dakatar da ni na sati biyu. Mahaifinta ne ma ya durƙusa gaban nawa yana cewa, "Alhaji, don Allah kada a dake ta, yara ne." Bayan wata guda ya ajiye aikin gadin.

Sai da na yi aure na haifi 'ya mace sannan na nemo ta a unguwar Kawaji. Na ce, "Rabi, ki dubi Allah ki yafe mini." Ta kawo mini ruwa, ta ce, "Na yafe tuntuni, Hajiya." Da zan tafi na ce ta ara mini madubi in gyara mayafi. Ta ce, "Ai ba na ajiyewa."

Tun daga ranar ban ƙara zana fuskar mutum ba, kuma ba na sallame salla ban sa sunanta a addu'a ba.

'Yan mata, ranar da ajinku ya ɗauki dariya, ku waiwaya ku dubi wadda ba ta yi. In kuwa a hannunki allin yake, ki ajiye shi.