Na Je Kadawa Jin Muryar Malam

Mun bar gida ana sallame sallar asuba, ni da ƙanin mijina. Fitata ta farko ke nan tun da na gama takabar Malam. 'Yata ce take rubuta muku wannan, ni faɗa nake yi, in na tsaya kuka ta jira ni.

Ga dalilin tafiyar. Za a yi wani babban taro a Kadawa na masana noman rani, baƙi daga ƙasashe daban-daban. Bara masu shirya taron suka zo gonarmu a nan gefen Bunkure, suka ɗauki Malam a majigi yana bayanin yadda yake raba ruwa a fangali. Bai kai ga taron ba. Shi ne suka aiko cewa ba za su nuna shi ba sai iyalinsa sun gani sun yarda. Ƙaninsa ya ce a bar mamaci ya huta. Ni kuwa abu ɗaya nake so: in sake jin muryarsa.

Adaidaita sahu muka hau zuwa Kura. Hanyar ta bi gefen kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, kuma ranar babu ruwa a cikinsa, an tsayar ana yashe shi saboda baƙi. Tun aurena nake jin kukan ruwan nan. Ranar sai busasshen siminti da takalma marasa 'yan'uwa a ƙasa. Ko balbela ban gani ba.

A Kura muka karya da gurasa da shayi. Injinan casar shinkafa sun fara ruri, mata na shanya wadda suka turara. Tumatir ya faɗi warwas, mai kwando har bin mu yake. Ƙanin mijina ya ce, "Amarya, ki sayi biyu, in kin gaji in ɗora ki a ɗaya." Shekara da shekaru amarya yake ce mini, ga shi shi ma haƙoransa sun ƙare. Na ce masa ya fara ɗaukar sandarsa tukuna.

Muna fita Kura a motar Garun Malam na ɗaga kai na ga mijina. An buga fuskarsa a wani babban ƙyalle an rataye a bakin titi, da hularsa ta zuwa gona da fartanya a kafaɗa. Akwai rubutu a ƙasa, ni ban iya karatu ba, fuskar kawai na sani. Iska na kaɗa ƙyallen, kumatunsa na motsi kamar mai tauna goro. Muka wuce, sai ga wani a gaba, sai wani. Duk inda motar ta karkata yana kallona. Wata mata a kusa da ni ta ce, "Wannan tsoho ya samu shiga." Na ja mayafi na rufe fuskata.

A Kadawa wata 'yar boko ce ta tarbe mu, ita ke kula da shirin. Waya biyu a hannunta, kowacce na kuka. Ɗaya masu masaukin baƙi, ɗaya mai janareta. Ta durƙusa ta yi mini gaisuwar rasuwa yadda ya kamata, Allah ya yi mata albarka. Ta ce yau gwaji suke yi, taron sai jibi.

Ta shigar da mu wata ƙatuwar rumfa mai sanyi. Kujeru jere-jere har ƙarshen gani, kowacce an lulluɓe ta da farin yadi daga sama har ƙasa, babu kowa a kai. Ƙanin mijina ya tsaya a bakin ƙofa yana salati a hankali, na san abin da farin ya tuna masa. A kan kowace kujera an ajiye wani baƙin abu na sawa a kunne, kuma dukansu raɗa suke yi. Yarinyar ta ce tafintoci ne a bayan gilashi suke gwada murya. Na ji bayanin, amma ban taɓa ko ɗaya ba.

Aka rage haske. Malam ya fito a bango, ya fi ƙofar gidanmu tsayi. Ya durƙusa ya buɗe bakin fangali, ya ɗago ya buɗe baki. Sai muryar wani saurayi ta fito daga bakinsa, da Turanci. Leɓen nasa ne, tarin da yake yi ma na gani, amma wani ne a cikinsa. Na dafa kujera na zauna.

Ƙaninsa ya ce, "Kin gani ko? Tashi mu tafi."

Na ce wa yarinyar, "'Yata, ina kuka kai muryarsa?"

Ta ce tana nan, an danne ta ne don baƙi su fahimta. Ta ɗauko abin kunnen nan ta murɗa, ta sa mini. Sai ga Malam a tsakiyar kaina, kusa fiye da yadda ya taɓa yi mini magana a gaban mutane. Yana cewa ruwa ba a kora shi, bin sa ake yi. Can daga nesa na ji wata mata na kira, "Malam, kunun zai huce." Ni ce. Ya juya ya yi 'yar dariyar nan tasa, ya ce, "Bari in gama da baƙi."

Sun bar ni na yi kukana. Da na natsu na ce na yarda a nuna shi, amma da muryarsa a lasifika, kowa ya ji. Wanda bai iya Hausa ba shi ya sa abin a kunne. Ta ce sai an sake shirin tafintoci gaba ɗaya, ga lokaci ya ƙure. Sannan ta ɗauki waya ta fara kira. Ƙaninsa ya share ido da hula, ya ce, "Yaya dai ko ya mutu sai ya sa mutane aiki."

Da la'asar muka juyo. An sako ruwa, yana tafe a kanal a hankali yana tura ganye a gabansa, kusan tare muka iso gida. Na shiga ɗaki na tarar da shirun da na bari.

Abin da na koyo shi ne, kewar fuska da sauƙi, murya ce ba ta da madadi. Sun ba ni kujera a taron, na ce a ba wani. Jiya ne muka je, gobe ne taron; da hantsi zan zauna a tsakar gida, ba zan daka komai ba, ba zan kira kowa ba. Malam zai gama da baƙinsa.