Bishiyar Mai Walda

A ofishin rajistar sana'o'i kowa ya san shi, tun ranar da ya shigo rungume da dashen mangwaro a gwangwanin fenti, ya yi tuntuɓe, ya zazzage wa magatakarda ƙasa a cinya.

Mai walda ne, gajere, baƙin tabarau a goshi, riga duk hujin tartsatsi. Sabuwar doka ta ce mai sana'ar hayaƙi ya dasa bishiya, ya kawo hotonta, ko a garƙame shagonsa. An ƙi karɓar nasa hoton, don maƙwabta sun ari bishiyar ɗaya bayan ɗaya, sun riga shi kawo hotonta.

Yau ma ga shi, ya zo rantsuwa cewa tasa ce. Bishiya na kan benci, shi yana tsaye yana goge mata ganye da hula. Da gani, haka ya lallaɓa 'ya'yansa.

Magatakarda ya leƙo yana dariya. "Baba, 'yar taka ta riga ka samun rajista!"

"Bari kawai, ɗana," in ji shi. "Haka 'ya'yan yanzu suke. Ta fitar da maƙwabta kaf, ta bar ubanta a layi."