Si Bujma da Jakar Bayan Sirdi

Si Bujma mijin yayata Ijja ne, kuma duk garin Tarudant babu wanda zai ce ya taɓa ganin ya shanye kofin shayi a zaune. Sai ya kurɓa, ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo. Tun yana saurayi yake rarraba burodi a kan wani baƙin keken ƙarfe, kwando gaba kwando baya. Da gidan burodin suka sayi mota aka sallame shi, sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba. Ya yi ta sassabe bishiyar lemon tsakar gida har ta ƙi 'ya'ya.

'Yarsu Nezha, da ke aikin jinya a Faransa, ita ta ji tausayin uwarta. Da ta zo hutu ta taho masa da keken tsere irin wanda ba na ƙarfe ba, na wani abu mara nauyi da ake kira kabon, wanda da yatsu biyu sai ka ɗaga shi.

"Baba, wannan na motsa jiki ne fa, ba na dako ba," in ji ta.

"Na ji, 'yar nan."

Bai ji ba. Ya shigo cikinmu masu fita da keke ranar Lahadi, amma mu muna hawan dutse don nishaɗi, shi kuwa yana da yaya, Lalla Rkiya, tsohuwa a wani ƙauye kan hanyar dutsen Tizi n'Test, kuma ba ya zuwa gidan mutum hannu rabbana. Ya samo doguwar jaka, ya ciro maƙalin ƙarfe daga tsohon kekensa, ya tamke ta a jikin sandar da ke riƙe da sirdi, iya ƙarfinsa. In za a hau, dunƙulen sukari da ganyen shayi. In za a sauko, zuma da man 'ya'yan bishiyar argan.

Hmad mai gyaran keke ya gani wata safiya muna shan iska a wurinsa.

"Si Bujma, jaki aka kawo maka daga Faransa?"

"Jakin ya fi ka sauri dai."

"Allah, da gaske nake. Ƙarfe in ya gaji lanƙwashewa yake, ya ba ka labari. Kabon kuwa ba ya magana, sai dai ka ji ka a ƙasa. 'Yar jakar faci a rataye ƙarƙashin sirdi ba laifi. In madauri zai taɓa sandar, ka naɗa mata salatif, ka riƙa goge ƙura. Amma wannan maƙalin cin ta yake yi."

"Kai Hmad, kana zanin goyo nake ɗaukar burodin rabin garin nan a keke."

Kafin Hmad ya buɗe baki, ya taka feda ya yi gaba.

Ba a jima ba keken ya fara wani ƙiƙi-ƙiƙi a hawa. Ƙarar ta hana shi sakat. Ya zuba wa kaca mai, ya canja feda, har takalminsa ya zarga. Na ce masa, "Yaya, ko gwiwoyinka ne? Tsufa ma ƙara yake." Ya ce in je in yi askina, abin da na sani ke nan.

Ranar da abin ya faru muna gangarowa daga wurin Lalla Rkiya, ina bayansa. Ya sha kwana, tayarsa ta faɗa wani ɗan rami, sai na ji ƙas, kamar an karya rake. Sandar sirdin ce ta karye, sirdi da jaka suka zube kan tayar baya, keken ya yi gefe, shi ya yi gefe. Da na iso yana kwance a tsakuwa, kafaɗa ta goce, zuma tana bin kwalta.

"Yaya! Kana ji na?"

"Zumar Rkiya," in ji shi. "Tare ta mana, kana tsaye!"

Wata motar lemo ce ta kai mu asibiti. Karaya ce a kafaɗa, aka ɗaure hannun aka ce ya huta. Ijja ta jure 'yan kwanaki, sannan ta zo shagona. "Don girman Allah ɗauke min mutumin nan da rana. Ya auna tsakar gida da ƙafa har ta gaji." Sai ya koma zarya a shagona, guntun sandar a aljihunsa. Yakan ciro ya shafa wurin da maƙalin ya ci, rami sosai, ga ƙura ta goge gefensa kamar an gurje shi. Wata rana ya je ya ajiye guntun a teburin Hmad. Hmad ya dubi guntun, ya zuba masa shayi.

Lalla Rkiya da kanta ta sauko a tasi ta duba shi. Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Bujma, wa ya aike ka? Tun bara likita ya hana ni sukari. Maƙwabta nake rabawa."

"Me ya sa ba ki faɗa ba, Yaya?"

"Ka taɓa zama na faɗa? Ka ajiye, ka ɗauka, ka ce rana na yi."

Ijja ta yi dariya har da hawaye. Shi kam ya yi ta sosa hannun da ke ɗaure.

Ya warke. Hmad ya sa masa sabuwar sanda, da 'yar jaka kamar tafin hannu. Yanzu duk mai keken da ya tsaya kusa da shi sai Si Bujma ya kai babban yatsa ya shafa masa ƙarƙashin sirdi, ko an sa shi ko ba a sa shi ba. Jiya kuma ina tsaka da aski ya leƙo, hular kwano a kai, wai yaushe za mu tsallake dutsen gaba ɗaya mu sauka Marakesh.

Na ce, "Yaya Ijja ta sani?"

Ya ce, "Gama askin tukuna. Ina waje."