Shekarar da na wanke albasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kun daɗe ba ku ga rubutuna a nan ba. Masu kirana a waya nakan ce musu lafiya lau, alhali ba haka ba ne. Tunda Allah Ya ɗaga ni, gara in faɗi gaskiya.

Mu biyu ne a gida, a Jega Firchin, ni da Inna mahaifiyata. Tana da ciwon suga. Tun rasuwar maigidana ni ke fita cefane.

Da korona ta zo, aka rufe Islamiyyar matan da nake koyarwa, aka taƙaita zirga-zirga. Na ji a rediyo cewa ta fi yi wa tsofaffi masu suga illa. Maganar ta zauna mini a rai.

A layin masu kifi abin ya fara. Ina sanye da takunkumi, mai kifin ta miƙo mini gyara da hannunta kamar kullum, sai wani ya yi tari a bayana. Ƙirjina ya hau bugawa. Na bar kifin na dawo gida.

A makarantar allo na tashi, na san hukuncin najasa. Sai na ɗauki cutar a matsayin najasar da ido ba ya gani. Duk abin da ya shigo gida sai na wanke shi sau bakwai, da omo da bilic. Tumatir, tattasai, ledar da aka ƙunso su. Hannuwana suka tsattsage, har ruwan alwala yana mini zafi.

Daga baya na daina fita gaba ɗaya. Muka koma kan abin da ke ɗaki: shinkafa, taliya, garin kwaki. Babu ganye, babu kifi.

"Yau ma shinkafa?" Inna takan ce.

"Yau ma, Inna."



Ƙanena Sani manomin albasa ne a Aliero. Ya kawo mana buhu biyu na ajiya. Ban bar shi ya wuce zaure ba. Da ya tafi, na zazzage su a baho na wanke ɗaya bayan ɗaya, na mayar cikin buhu, na rufe a ɗaki.

Bayan kwana biyar wari ya cika gidan. A wannan makon Inna ta fara jiri da yawan fitsari, wata safiya ta kasa miƙewa daga kan dadduma. Dole na kira Sani.

Warin ya fara tarar sa.

"Yaya, wa ya jiƙa albasar ga?"

"Ni ce. Sau bakwai."

"Ke ɗiyar manoma albasa? Yaron goye ma a Aliero ya san ta ajiya ba ta shiri da ruwa."

Inna ta ce daga kwance, "Bar zancen albasa, Sani. Dubi hannunta. Mu biyu za ka kai asibiti."

A asibiti aka auna zafin goshinmu a ƙofa, muka yanki kati, muka zauna nesa da juna. Sugan Inna ya hau sosai, aka ba ta gado kwana biyu. Likita ya tambayi abin da take ci, na faɗa masa ban rage komai ba.

Ya ce, "Malama, kin tsare ta daga ciwon da bai zo ba, kin bar ta da wanda ke jikinta."

Gaskiya ya faɗa.

Ni ma aka yi mini awo: maleriya, taifot, hawan jini, zuciya. Ya ci kusan dubu goma sha biyu, Sani ya biya. Ba a samu komai ba sai jini da ya ɗan hau. Likitan ya ce ciwon fargaba ne, kuma ciwo ne kamar kowane, yana da magani. Ya rubuta ƙwayoyi da man shafawa. Ya ce in koma kasuwa kaɗan-kaɗan, da takunkumi, in wanke kaya sau ɗaya da ruwa mai tsabta.

Sau ɗayan nan ne ya fi mini wuya. Da muka koma gida Inna ta gan ni ina maimaita wankin kofi. Ta ce, "Ba ke ke koya ma mata cewa wanda ya wuce uku a alwala bai ƙara lada ba? To mi ya kai ki bakwai?"

Na ajiye kofin.

Fitar farko, bakin kasuwa kawai na kai na juyo. Ta biyu na sayo zogale da alayyafo. Sai a mako na shida na iya shiga layin masu kifi. Matar nan ta ce, "Malama, kin ɓuya." Ta miƙo gyara. Ƙirjina yana bugawa, na karɓa.

Na wanke kifin sau ɗaya, na yi miya. Inna ta cinye nata, ta ce gishiri bai ji ba.

Yanzu suganta ya daidaita. Ni ina shan maganina, ina komawa wurin likita duk wata. Fargabar takan leƙo, amma ba ta hana ni cefane.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna da ta ga hannuna kafin ta ga nata ciwon, da Sani, da likita da nas-nas ɗin da suka kula da mu. Allah Ya saka musu da alheri.

Wadda ta ga tsoro ya hana ta fita, ko wanki ya ƙi ƙarewa a hannunta, ta yi addu'a kuma ta je asibiti. Ta faɗa wa wani a gida tun da wuri. Mai jinyar mai suga kada ta bar shi da shinkafa zalla, ko da wane dalili.

Sani ya sake kawo albasa buhu ɗaya. Wannan karon har tsakar gida ya shigo, ya shanya ta a inuwa da kansa. Tana nan, ruwa bai taɓa ta ba.