Roba Biyu a Motar Alhaji Mamman

Ban taɓa mantawa da ranar wata Litinin ta tsakiyar damina ba, ranar da gadarata ta kusa yasar da wata tsohuwa a daji. Ku yaran gareji da kuke ce mini Shef yanzu, wato oga, kuna gani kamar da sufana a hannu aka haife ni, ku matso ku ji.

Lokacin shekarata bakwai a garejin Baba Yahuza, bayan Titin Kuduku, nan unguwar Kilomita Biyar. Baba shi ne mai gareji, Patoro muke ce masa. A ƙarƙashinsa mu biyu ne masu riƙe aiki, ni ne ƙarami. Abin da ya yi mini suna kuwa hannu ne. Allah ya ba ni shi dogo siriri, duk inda ƙarfe ya matse ni ake kira, kuma kada in ɓoye muku, abin ya hau mini kai.

Da hantsi Alhaji Mamman, mai sayar da atamfa sari, ya shigo da kat-kat ɗinsa, motar nan mai shiga daji, a yi masa juyen mai. Ya ce mahaifiyarsa zai kai Kamaru a yi mata aikin ido, kuma an riga an ba ta rana. Zai bi ayarin motoci da ke tashi daga shingen Kilomita Sha Biyu, a bakin gari, bayan azahar. Wanda ya san hanyar nan ya san ayari ba ya jiran kowa. Idan motarka ta mutu a tsakanin garuruwa, sai dai a ɗaga maka hannu a wuce.

Juyen mai ba wani abu ba ne. Ka kwance noti a ƙarƙashin inji baƙin mai ya tsiyaye, ka cire tsohon filta, ka sa sabo, ka zuba mai. Filta shi ne gwangwanin da ke tace datti, kuma a bakinsa akwai wata roba kamar zobe da ke hana mai fita. To amma a irin motar Alhaji, wanda ya zaɓa wa filta wurin zama ban jin ya taɓa riƙe sufana. Yana can tsakanin inji da ƙarfen ƙasa, ƙarƙashin bututun hayaƙi. Sai ka cire tayar gaba ta dama, ka kwance robar da ke tare laka, ka zura hannu har kafaɗa, kuncinka manne da jikin mota. Ido ba ya ganin komai, yatsu ne ke aiki.

Alhaji yana tsaye a kaina yana duba agogo.

"Habibu, Allah ya sa dai ba za mu makara ba?"

"Haba Alhaji, wannan ai ko ido rufe."

Injin da zafi, don haka na naɗe hannuna da tsumma. Na sa tsohon bel na ɗaure filtan, na murɗa, ya ƙi, na sake murɗawa, ya saki. Na zaro shi na wurga cikin durom ban ko juya shi ba. Na goge mazauninsa da tsumman, na shafa wa robar sabon mai, na ɗaure da hannu. Muka zuba mai, muka tayar, na leƙa ƙasa, ko ɗigo babu. Alhaji ya yi godiya ya tafi ɗauko Inna, mahaifiyar tasa.

Sai da na yi sallar azahar, na ci abinci, na zo tsiyaye tsofaffin filtoci, sannan na motar Alhaji ya faɗo hannuna. Na juya bakinsa. Wayam! Babu roba.

Idan robar ba ta fito da tsohon ba, to tana can manne a jikin inji, na ɗora sabuwa a kanta. Roba biyu ke nan. A tsaye sukan riƙe, shi ya sa ban ga ɗigo ba. Amma in mota ta ɗauki gudu, inji ya yi zafi, ɗaya za ta fita gefe, mai ya zube kaf kafin direba ya ankara, inji ya buga.

Zan faɗa muku gaskiya, zuciyata ta fara raya mini in mayar da shi durom in yi shiru. Ta ce wataƙila ta riƙe, kuma in ba ta riƙe ba wa zai ce ni ne? Sai na tuna da tsohuwa marar gani zaune a bakin titi, motoci sun wuce. Na ɗauki filtan na kai wa Patoro.

Ya duba, ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

"Ka sa yatsa a wurin?"

"Da tsumma na goge, Baba."

"Tsumma yana ji ne?" in ji shi. Ya kira wayar Alhaji sau uku, ba ta shiga. Ya miƙo mini sabon filta da galan ɗin mai. "Me kake jira? In kai ka ne?"

Na kwashi jak da sufanu na fito titi. Allah ya haɗa ni da Serge, wani ɗan unguwar Miskin mai taksi-moto, wato babur ɗin haya, da muke yi wa gyara. Na ce masa da yaren Sango, "Kilomita Sha Biyu, hio hio!", wato maza-maza. Ya ga fuskata, ya figi babur. Kai, ranar na ga tuƙi! Ruwa ya kwanta a ramuka, muna ratsa taksi da masu tura kaya, ni kuwa idona na kan kwalta. Duk baƙin tabo da na hango sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, man Alhaji ne.

Mun iso shinge an fara tayar da manyan motoci. Can na hango kat-kat ɗin a layi, Alhamdu lillahi! Na dira tun babur bai gama tsayawa ba, na buga masa gilashi.

"Alhaji, kashe motar! Don Allah kashe!"

Ya kashe, ya fito. "Lafiya?"

Nan ne wuya. Da na ce wani noti na zo dubawa, da ya yarda. Na ce, "Kuskure na yi a filta. In ka tafi haka ba za ka kai ko garin Bosambele ba."

Fuskarsa ta canja. "Kai da ka ce ko ido rufe? Ga mahaifiyata a ciki, Habibu!"

Na sa jak, Serge ya kama mini muka cire taya. Babu rami, babu tabarma, na kwanta cikin jar laka na zura hannu. Wannan karon ba tsumma. Bututun hayaƙi ya lashe ni a dantse, na ji ƙaurin fatata, na cije. Kun ga wannan tabon? Nasa ne. Filtan ya fito jiƙe da mai ta gefe guda, alamar ya riga ya fara tsartuwa. Na mayar da yatsa na lalluba, sai ga ta, ta manne kamar an liƙa da danƙo. Na sa farce na ɓamɓaro ta. Ta lanƙwashe, gefe ɗaya ya tsage.

Na zagaya da yatsa sau uku har na ji ƙarfe sumul. Na ɗaura sabon, na cika mai, na ce Alhaji ya tayar ya taka sosai. Na zauna a ƙasa ina kallo. A bushe. Sai lokacin na ja numfashi.

Daga kujerar baya Inna ta ce, "Mamman, wane ne ake ta hayaniya da shi?"

"Bakaniken da ya ɓata mana aiki ne, Inna."

"Shi ne kuma ya biyo mu?"

"Shi ne."

"To miƙo mini hannunsa."

Na ce hannun duk mai ne da laka. Ta ce ita ba gani take ba. Ta riƙe shi da hannu biyu ta yi ta sa mini albarka, har motar gabansu ta ja. Alhaji ya shiga mota ya bi layi. Bayan kwana tara ya dawo, ya wuce garejoji huɗu ya ajiye motar a gabana, ya ce Inna tana gaida ni, kuma ta fara gane fuskokin jikokinta.

Shi ya sa kuke ganin ina hana ku jefar da filta sai kun juya bakinsa, kuna cewa Shef ya cika fitina. Inda ido bai kai ba, ku sa yatsa tsirara, ko zai ƙone. Mai mota ba zai taɓa leƙa wurin ba, maganarku kawai zai ɗauka ya zuba iyalinsa ya kama hanya. Kuskure kuwa za ku yi shi, ba makawa. Ranar da kuka yi, kada ku tsaya lissafin kunya, ku nemi babur.