Baba Saiti da Awa Ɗayar da Ta Kusa Cin Malamar Lissafi

Ƙarfe bakwai da kwata za ka ji ƙarar makullansa a barandar makaranta. Sai ya buɗe ɗakin kwamfuta, ya rataye hularsa a ƙusar bayan ƙofa, ya bi kwamfutoci goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, yana kunnawa yana duban agogon hannunsa. Wadda ya samu daidai ya shafa mata kai, wadda ta kauce ya harare ta ya ce, "Ke kuma ina kika kwana?" Abin da ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Baba Saiti ke nan. Shekara ashirin da uku yana gyaran injinan makarantar nan, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Malamai kan tsokane shi, wai ko agogon nan kakansa ne ya bar masa gado. Murmushi kawai yake yi, don ya san abin da ba su sani ba. Kowace kwamfuta a ɗakin manyan manhajoji biyu gare ta, ɗaya ta aikin ofis, ɗaya ta koyar da ɗalibai, kuma shi ya ɗora ta biyun da hannunsa. To, a cikin kowace kwamfuta akwai ɗan agogo mai batir wanda ba ya barci ko an kashe ta. Manhajar ɗalibai tana saita shi a kan agogon duniya, irin wanda ake faɗa a rediyo. Ta ofis kuwa in ta tashi sai ta ɗauka lokacin gari ne, alhali lokacin gari yana gaba da na duniya da awa ɗaya. Saboda haka duk ranar da aka yi darasi da rana aka kashe, da safe agogon manhajar ofis zai tashi da awa ɗaya baya. Baba ke mayar da ita kullum, ba wanda ya taɓa lura.

Sai bara, a makon jarrabawar ƙarshe, ciwo ya tasar wa matarsa, ya yi kwana huɗu yana jinya a asibiti. A cikin kwanakin nan aka yi jarrabawar lissafi. Ƙa'ida ita ce Malamar Lissafi ta shiga ɗakin kwamfuta ita kaɗai, an zare wayar intanet, ta buɗe tambayoyin a manhajar ofis ƙarfe tara daidai, ta buga su. Haka ta yi. Amma da yaran da take wa ƙarin darasi kyauta suka fito suna murna, sai tsegumi ya tashi cewa an ba su satar amsa. Mai sa ido kan jarrabawa ya duba kwamfutar, ya ga an buɗe tambayoyin ƙarfe takwas da minti biyu. Allah sarki, matar da ta shekara goma sha bakwai ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe. Aka ce mata inji ba ya ƙarya, aka karɓe makullin ɗakin daga hannunta, aka dakatar da ita.

Ranar da Baba ya dawo, ranar kwamiti ke zaman yanke hukunci. Mai gadi ne ya tare shi da labarin a bakin ƙofa. Ya san inda awar ta tafi. Ya kuma san in ya buɗe baki, tambayar farko ita ce wa ya ɗora manhajar, kuma me ya sa bai taɓa gaya wa kowa ba. Ga ritaya saura shekara guda. Da ya yi shiru, wallahi ba mai zarginsa.

Bai ko cire hula ba ya wuce ofishin shugaban makaranta, ya yi sallama, ya roƙi kwamiti su biyo shi ɗakin kwamfuta na minti goma. Ya ciro agogon bango ya jingine kusa da kwamfutar. Ya kunna manhajar ɗalibai, ta kama intanet, ta nuna goma da rabi, daidai da na bango. Ya zare waya, ya kashe, ya kunna ta ofis. Tara da rabi. Mai sa ido ya ce a sake, aka sake har sau uku.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, "Malama ba ta da laifi. Ni na san ciwon nan shekara da shekaru, na yi ta shafa masa magani da hannu, ban rubuta ba, ban faɗa ba. In hukunci za a yi, ga ni."

Malama, wadda ita ma ta biyo su, ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Baba, ka wanke ni," sai kuka ya ƙwace mata.

An ba shi takardar gargaɗi, ta farko a tarihin aikinsa. Ya karɓa da hannu biyu, kuma a ranar ya zauna ya daidaita manhajojin duka, suka koma bin ƙa'idar lokaci guda. Ya rubuta bayanin da manyan baƙaƙe ya manna a bango, don kada wani ya sake dogara da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Amma zagayen safe, har yau bai fasa ba. Wai ƙafarsa ta saba.

Baba, kai ne wanda ka shafa wa takardarka tabo don a goge na wani. Kai ka koya mana cewa inji ma yana ruɗewa, kuma kafin a ƙaryata mutum sai a tambayi wa ya saita injin. Muna alfahari da kai, mun gode, Allah ya ƙara wa uwargida lafiya. Ku kuma masu riƙe da wani ɗan sirrin aiki a ka, ku rubuta shi tun yau, kuma ranar da faɗin gaskiya zai taɓa ku, ku tuna da Baba.

Gobe ma akwai jarrabawar lissafi. Makulli yana hannun Malama, ita za ta buɗe tambayoyin, ƙarfe tara daidai.